Kwana Tara a Gindin Randa

Akwai maganar da ake yi a gidan nan da na gaji da jin ta, kuma ni ne na bar ta ta yi saiwa. Ran sunan jikana ɗan Auwalu ina zaune a zaure ina jin ku, ku 'ya'yana, kuna tsokanar yayarku Ummi. Wani a cikinku har da cewa boko ne ya fi ƙarfinta, ta yi shekara guda cur tana maimaita aikin da abokan karatunta suka gama, wai ƙuda ne ya kayar da ita. Kuka kwashe da dariya. Ita ma na ji ta yi dariyar, irin wadda ake yi don a wuce wurin. To ku saurara. Ƙuda bai kayar da ita ba. Ni na kayar da ita, ni ubanku, da hannuna da bakina. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, saboda haka kada ku jira bayani irin na masana. Abin da na gani da abin da na aikata zan faɗa.

Sai na fara da Yaya Habu, wana uwa ɗaya uba ɗaya, domin ba don shi ba da Ummi ba ta kama wannan hanyar ba. Tun da ruwan kanal ya iso gonakinmu tsakanin Kura da Bunkure muka kama noman rani tare, ni ne mai ban ruwa, shi ne mai feshi. Ya fi shekara talatin yana goya tankin feshi a bayansa, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Da hannu yake gauraya magani, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hure. Shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta faɗa wa tumatir, safe da yamma yake feshi, rigarsa ba ta bushewa. Daga baya hannunsa na dama ya fara rawa. Mutumin da yake ɗaga kwandon tumatir shi kaɗai ya ɗora a mota ya koma ba ya iya kai ludayin koko bakinsa sai rabi ya zube. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ya taka a fadama. An sha rubutu, an yi turare, aka je asibiti a Kano suka ce ciwon jijiya ne, ba a warkar da shi, sai dai a rage masa kaifi. Ummi, wadda sunan mahaifiyarmu ta ci shi ya sa ba na kiran sunanta, ita ce ke riƙe masa kofi tun tana sakandare. Da ta shiga jami'a ta karanta kimiyya, ta gama ta yi aure a Kumbotso, ta koma ta ci gaba da karatu mai zurfi a kan abin da ke kashe jijiya.

Wata rana da ta zo gida na tambaye ta abin da take yi a ɗakin gwaje-gwajen nasu, tunda mutane suna tambayata ban san abin da zan ce ba.

"Baba, ka san ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen tumatir?"

"Mai jan ido? Wa bai san shi ba."

"To jijiyarsa da tamu Allah ya yi su da kama. A cikin jijiya akwai wani sinadari, furotin ake ce masa, aikinsa gadi. In ya lalace sai jijiyar ta fara mutuwa kaɗan-kaɗan, kamar ta Baba Habu. Irin na ƙudan nake tarawa, in ɗiga masa maganin feshi in ga abin da zai same shi."

"Ƙuda nawa za ki matse kafin ki cika cokali?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba matsewa ake yi ba. A cikin halittar ƙudan akwai wani abu kamar rubutu da ke faɗin yadda ake haɗa furotin ɗin. Shi ake ɗaukowa a sa a jikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, a yi kiwonsu a kwalba, su yi ta haɗa shi, sannan a tace.

Na ce, "Wato ƙwan zabo ne a ƙarƙashin kaza."

Ta ce, "Wallahi Baba ka fi wasu 'yan ajinmu ganewa. Amma ka lura, ban ce feshi ne ya kama Baba Habu ba. So nake in gani tukuna."

Wannan yabon da ta yi mini shi ne ya fara kumbura mini kai.

A shekarar da nake ba ku labari, ana saura mako guda azumi, ga zafin bazara kamar a gasa gurasa a ƙasa, aka shiga yajin aiki a makarantarsu. Aka rufe ɗakunan gwaje-gwaje, aka ce babu mai sa wa janareta mai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Manya masu manyan riguna, da masu mulki da masu koyarwa, kowa ya ja daga yana jiran ɗan uwansa ya sunkuya, ba wanda ya tsaya ya tambaya me ke cikin firizar da za ta mutu. Gumin yara ne a ciki. Ko jahilin manomi irina, in zai yi faɗa da maƙwabcinsa a kan layin ruwa, ba ya bari shuka ta ƙone kafin a sasanta. Ummi ta rasa inda za ta kai kayanta, gidan mijinta wuta sai an ga dama. Sai ta tuna da firizar sola da na sa a shagon ƙofar gida, wadda nake sayar da ƙanƙara da ita. Ta zubo ƙanƙara a kula, ta hau motar haya zuwa Kura, daga nan ta hau babur, kular a kan cinyarta kamar jariri.

Kayan nata ɗan farin akwatin roba ne, bai fi tafin hannu biyu ba. A ciki 'yan kwalabe ne kamar ƙaramin yatsa, kowace da ɗan daskararren ruwa a gindinta da rubutu a murfi. Aikin wata goma sha ɗaya ke nan. Ta naɗe shi a baƙar leda ta sa a can ƙasan firizar, ta juyo ta durƙusa a gabana.

"Baba, don Allah kada a fitar da shi ko na awa ɗaya. In ya narke ya mutu. Ko an sake daskarar da shi ido zai ga kamar lafiya lau, amma gawa ce."

"Ke Ummi, ni za ki koya wa ajiya? Makullin shagon nan a aljihuna yake kwana. Je ki abinki."

Ku lura, ta faɗa mini. Ba zan taɓa cewa ban sani ba.

Laifina na farko bakina ne. Ba wanda ya san da akwatin nan, ko Innarku ba ta buɗe firizar, ita dai ta ƙulla ruwa a leda ni in kwasa. Amma na kasa riƙe alfahari. Ran biyar ga azumi bayan la'asar, muna zaune a majalisa a gindin darbejiyar masallaci, na buɗe baki na ce ai yanzu jami'a guda a shagona take ajiya. Na kawo zancen ƙuda da zabo da kaza, ina ta zuba kamar ni ne malamin. A cikin masu saurare akwai Alhaji Tanko mai maganin feshi. Shi wannan bawan Allah yana da tsohon haushin Ummi, domin ta taɓa shiga shagonsa ta tambaye shi sunan magungunan da yake ɗurawa a robar ruwa ba takarda ba suna, ya ce mata yarinya ba ta yi masa titsiye. Ya bari na gama tsaf, sannan ya gyara hula.

"Malam Sabo, tsaya in fahimta. Wato ƙanƙarar da muke buɗa baki da ita, tare take kwana da ruwan ƙuda?"

"A rufe yake, Alhaji, a cikin kwalba, a cikin akwati."

"A'a, ni dai tambaya na yi. Jama'a kun ji. Mu muna azumi, ana jiƙa mana zoɓo da miyar ƙuda. Shi ya sa kwana biyu nake jin kunnena yana zuuu."

Aka fashe da dariya, har da masu tafawa. Wannan fa mutumin da yake sayar wa mutane guba a robar da yara ke shan ruwa da ita, shi ne yake ƙyanƙyami. Mutumin da bai taɓa ce wa Yaya Habu rufe hancinka ba, ko sau ɗaya, a shekara talatin. Da ina da zuciya da a nan na faɗa masa haka a gaban kowa. Ban faɗa ba. Na yi yaƙe, na ce ai wasa ne. Kafin kwana uku magana ta zaga gari. Mata suka daina aiko da kwano, aka fara kirana Sabo Mai Ƙuda, in na shigo sahu wani ya kaɗa hannu a gefen kunne. Ba rashin ciniki ne ya dame ni ba, ku yarda da ni, tumatir ya yi kyau a shekarar. Dariyar ce. Ina da shekara sittin da wani abu, furfura har gemu, amma dariyar mutum shida a gindin bishiya ta fi mini nauyi a kan durƙuson 'yata.

Ran sha biyu ga azumi, da azahar gari ya yi tsit, na buɗe firizar na ɗauko akwatin. Ga tunanin da na yi, kuma ina so ku gan shi tsirara don ku san yadda wauta ke sa rigar hankali. Na ce a raina, sanyi ai sanyi ne. Mahaifinmu fataucin goro ya yi, na ga yadda yake naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu ya yi wata da watanni bai bushe ba. Mu kanmu haka muke ajiye dashen tumatir in rana ta yi zafi. Na ce zancen Ummi tsoratarwa ce irin ta 'yan boko, kamar yadda malaman gona ke cewa a sa safar hannu da takalmin roba, mu kuwa mun yi shekaru ba mu sa ba. Na sami buhun algarara na jiƙa shi sharaf, na naɗe akwatin, na kai ɗakina na tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa na binne shi. Safe da yamma nake yayyafa masa ruwa, ban taɓa fashi ba, har ina jin kaina mai riƙon amana. Sannan na kira Alhaji Tanko da mutum biyu na buɗe musu firizar, na ce su duba da idonsu, an mayar da kayan Kano. Alhaji ya leƙa ya ce, "To madalla, ka kyauta wa Musulmi." Ya ɗauki ƙanƙara biyu bai ko yi godiya ba.

Kwana tara akwatin ya yi a gindin randa. A rana ta tara Ummi ta bugo waya ta ce wata abokiyar aikinta ta samo musu wuri a wani ɗakin gwaji mai wuta, za ta zo jibi ta ɗauka. Na tono shi. Da na buɗe sai na ga abin da ke cikin kwalaben ya zama ruwa yana motsi. Na goge yashin tas, na mayar da shi cikin baƙar leda, na tura shi ƙasan firiza. Washegari na duba, ya daskare kamar ranar da ta kawo shi. Na ce alhamdulillahi, Allah ya rufa asiri. Ku ji fa, har Allah na sa a ciki.

Ta zo da kularta. Tana shirya ƙanƙara ta ɗago kai.

"Baba, batirin bai taɓa ba ku matsala ba?"

"Ko kaɗan."

"Ba a taɓa fitar da shi ba?"

"Yana nan inda kika sa shi."

Da azumi a bakina na faɗi haka. Ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Na amsa da amin.

Fitar da akwatin wauta ce, kuma ana yafe wauta. Abin da ya biyo baya shi ne ba ni da sunan da zan ba shi. Wata biyar yarinyar nan tana gwaji da gawa. Ta ɗiga magani, ba abin da ya faru. Ta gwada ba maganin, nan ma ba abin da ya faru. Ta canja ruwan haɗi, ta canja kwalabe, ta sake daga farko. Abu ɗaya ne ba ta zarga ba, shi ne abin da ubanta ya ce mata lafiyarsa ƙalau. Malaminta ya fara cewa hannunta ne ba shi da tsabta, ko kuma tun farko ba ta tace shi daidai ba, ya faɗa a gaban ƙananan ɗalibai. Akwai wani gurbin ƙaro ilimi da ake sa ran ita za a tura, aka ba wani. Ina jin ta tana kuka a waya da Innarku, ni ina zaune a tsakar gida ina gyaran fartanya. Innarku ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ta rame, ka yi mata addu'a." Na ce in sha Allahu. Har sadaka na bayar a masallaci don aikinta ya yi kyau. Kullum in ce gobe zan faɗa mata, gobe ta yi in ce ai watakila ba randar ba ce, watakila dama can ba ta iya ba. Kun ji inda na kai. Na gwammace 'yata ta zama daƙiƙiya a idona da in zama maƙaryaci a idonta.

Cikin damina, ana tsakiyar ciran shinkafa, Allah ya yi wa Yaya Habu rasuwa. A ƙarshe ko haɗiya da ƙyar yake yi. Ummi ta zo zaman makoki. Ran uku, bayan an yi addu'a mutane sun watse da hantsi, ta same ni a ɗakina ta zauna a bakin ƙofa. Ta yi baƙi, idonta ya faɗa.

"Baba, na zo in faɗa maka zan bar karatun. Zan nemi koyarwa a sakandare."

"Saboda me?"

"Ban iya ba ne. Na yi wa Baba Habu alkawari zan gano ko mene ne, ga shi ya tafi ko matakin farko ban taka ba. Kowa in ya yi sai ya yi kyau, ni in na taɓa sai ya mutu. Watakila hannun nawa ne." Ta buɗe tafukanta tana kallo.

Na dubi hannuwan nan. Randar tana gefenta, in ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Ban san yadda maganar ta fito ba, ba jarumta ba ce, kawai dai wuri ya ƙure mini. Na faɗa mata duka, da majalisa, da Alhaji Tanko, da buhun algarara, da ƙaryar da na yi mata da azumi a baki. Ina jiran ta fashe da kuka ko ta tashi ta fita. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta buɗe jakarta ta ɗauko ɗan littafi da biro.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Ya narke duka, ko da saura?"

"Duka. Ruwa ne tsundum."

"A nan?" Ta sa bayan hannunta a kan yashin gindin randar, ta ɗan jima tana ji, ta rubuta. Ta rufe littafin.

"Ashe hannuna lafiya lau," ta ce, ba da ni take ba. Sannan ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba ido cikin ido. "Baba, da ka faɗa mini ran da na zo ɗauka, wata uku ya ishe ni in sake haɗa wani, tunda na riga na san hanya. Baba Habu yana raye a lokacin."

Ta ce a gafarce ta, ta tashi ta shiga wurin mata.

Ta koma ta fara daga tushe. Ba ta gaya wa malaminta ubanta ne ba, ta ce kayan sun narke a hanya, ta ɗauki laifin sakaci a kanta. Ba ta gaya wa Innarku ba, ba ta gaya muku ba, shi ya sa kuke da bakin dariya. Ta gama a bayan kowa, amma ta gama, kuma yanzu ita ke koya wa wasu. Abin da ta gano game da feshin ta yi mini bayani, wani na gane wani ban gane ba, ta ce da sauran aiki kafin a yanke hukunci. Ni dai tun daga lokacin ba mai yi mini feshi a gona sai da takalmi da abin rufe hanci, kowa ya ga dama ya yi dariya. Alhaji Tanko yana nan da shagonsa da robobinsa, ya ƙara ƙiba. Ban daina jin haushinsa ba, amma shi wasa ya yi da 'yar wani. Ni tawa ce.

Na roƙe ta gafara ta ce ta yafe duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarta ta faɗa. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta fasa zuwa gaishe ni ba, maganin hawan jinina ma ita ke kawowa. Amma bara da za ta tafi aikin Hajji ta zo sallama da wata jaka, takardun karatunta ne a ciki da na gidansu, tana son ta bar su a gida. Ina zaune a kan tabarma a tsakar gida, ga akwatin ƙarfena mai kwaɗo a ɗaki, kowa ya san nan ake ajiyar takardu a gidan nan. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, na sa mata albarka, na miƙa hannu in karɓi jakar. Ta yi kamar ba ta gani ba. Ta miƙe a hankali ta wuce ni, ta kai wa Innarku a bakin murhu.

"Inna, ga wannan ki ajiye mini."

Hannuna yana nan a miƙe. Na mayar da shi kan gwiwata.